Faifan Gyara: Farautar Tsofaffin Finafinan Kimiyya a DVD

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kwalin nan da ke kan tebur. Star Wars ne, na farko, wanda ya fito a 1977. In an buɗe, faifai biyu ne a ciki. Na sama, ko kyauta ka ba mai tara finafinai, zai karɓa ne don kada ya ba ka kunya. Na ƙasan kuwa, wanda kamfani ya jefa a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu bayan an gama ciniki, shi ne mutane ke kwana a intanet suna nema.

Me ya jawo haka? George Lucas, mai fim ɗin, bai bar shi ya huta ba. A 1997 ya mayar da shi sinima bayan ya yi masa kwaskwarima da kwamfuta, ya ƙara halittu a kan titi, ya sake wasu wurare. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne zaman mashaya. Wani mai farautar mutane don lada, Greedo, ya ritsa Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, da bindiga. A fim ɗin 1977, Han ya lallaɓa tasa bindigar ta ƙarƙashin tebur ya ɗirka masa, Greedo ko kunama bai taɓa ba. A na 1997 sai aka sa Greedo ya fara harbi ya kuskure, sannan Han ya rama. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta sauya halin mutum ɗungurungum. Da DVD ya fito a 2004, mai kwaskwarimar aka saka, har da ƙarin wasu gyare-gyaren.

Masoya suka yi ta ƙorafi. A Satumban 2006 Lucasfilm, kamfanin Lucas, ya fitar da finafinan Star Wars uku na farko, kowanne da faifai biyu, aka ce za a sayar zuwa ƙarshen Disambar shekarar kawai. Faifai na biyu shi ke ɗauke da fim ɗin ba tare da kwaskwarima ba. Hatta rubutun da ke tafiya a farko babu lambar da ke kiran fim ɗin kashi na huɗu a jerin labarin, domin sai a 1981 aka ƙara ta. A 2008 an sake haɗa su a akwati ɗaya. Daga nan shiru. Blu-ray, faifan da ya fi DVD kyan hoto, ya zo a 2011, Disney ta sayi kamfanin a 2012 kan dala biliyan 4 da 'yan kai, 4K mai hoton da ya fi na Blu-ray ya zo, duk mai kwaskwarima ne.

Kada ku ɗauka wani abin a zo a gani ne hoton faifan nan. Ba daga asalin fim aka ɗauko shi ba, daga kwafin da aka shirya wa LaserDisc a 1993 ne, wancan ƙaton faifai mai faɗin faranti. Ba a tsara shi don talabijin mai faɗi ba. Ga shi kuna gani: hoton ya tsuguna a tsakiya, baƙi sama da ƙasa, baƙi dama da hagu, in ka ja shi ya cika fuska sai ya dushe. A ganina rowa aka yi wa masu kallo, an ba su abin da suka roƙa a cikin tsohon kwano. Amma dai babu wani faifan DVD na halal da ke da shi in ba wannan ba.

To a nan ne sabon shiga ke faɗawa rami. Sunan fim ba ya isa. Ka rubuta Star Wars a eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, dubbai za su fito maka, mafi yawansu ba su da abin da kake so. Ba fim kake nema ba, bugu kake nema: na wace shekara, na wane kamfani, na wace ƙasa, faifai nawa ne a ciki.

Me ke sa bugu ya ɓace daga kasuwa? Ba kullum ba ne son ran mai fim. Galibi takarda ce. Ƙananan kamfanoni kan karɓi hayar fim daga manya na 'yan shekaru, wa'adi na cika dole su daina bugawa, abin da ya rage a shago shi ke nan. Wani lokacin kuma kiɗa ne ke riƙe fim. Metropolis na Fritz Lang, fim ɗin Jamus na 1927 wanda ba a magana a cikinsa, makaɗi Giorgio Moroder ya sake shirya shi a 1984, ya sa masa launi da waƙoƙin zamani, har da muryar mawaƙi Freddie Mercury. Wannan shirin ya daɗe sai dai a tsohon kaset da LaserDisc, sai a 2011 kamfanin Kino ya fitar da shi. Shi kansa asalin Metropolis ɗin, duk faifan da aka buga kafin 2010 guntu ne, domin a 2008 ne aka tsinci wani kwafi a gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina, ɗauke da wajen minti 25 da aka ɗauka sun salwanta. Fim ɗaya, suna ɗaya, amma in ka sayi faifai uku kana iya samun finafinai uku daban.

Wani kuma ɓuya ya yi a bayan wani suna. A 1963 an yi Ikarie XB-1 a Cekoslobakiya, labarin jirgin sama jannati mai dogon zango. Da Amurkawa suka saye shi, suka yanke shi, suka ɗora muryoyin Turanci, suka raɗa masa Voyage to the End of the Universe, suka ma sauya ƙarshensa ya zama duniyar da matafiyan suka isa ashe tamu ce. Wanda ya kalli wannan yana yaro zai yi ta neman suna na biyun, alhali cikakken fim ɗin yana nan da sunansa na yanka, kamfanin Second Run na Ingila ya fitar da shi a 2013. Don haka in ka nema a Amurka ba ka samu ba, gano sunan asali, ka leƙa Ingila da Jamus da Faransa da Japan. Abin da ya ƙare a wata ƙasa, wani lokacin yana jibge a wata, a kan farashinsa na shago.

Da ka tabbatar da bugun da kake so, nemi lambar nan da ke ƙarƙashin zanen sanduna a bayan kwali. Shafuka irin su DVDBeaver da DVDCompare da Blu-ray.com suna jera bugu daban-daban na fim ɗaya, tsawon kowanne, abin da aka yanke, har da hotuna gefe da gefe. Da lambar za ka yi bincike, ba da suna ba. Sannan a eBay kada kuɗin da mai kaya ya sa ya firgita ka. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin sa. Akwai wurin da za ka taɓa ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar, can ne kasuwa take. Ka ajiye binciken don a riƙa sanar da kai, ka yi haƙuri. Misali This Island Earth na 1955: faifan da Image Entertainment ya buga a 1998 ya ƙare, ya yi tsada a hannun masu gwanjo, sai Universal ta sake bugawa a 2006, waɗanda suka biya da tsada suka riƙe baki.

Yanzu batun jabu. Mu da muka tashi da faifan nan mai finafinai ashirin a ciki, ba baƙonmu ba ne. Amma jabun da ake yi wa masu tarawa ya fi wayo, kwali tsaf, har da leda. Ka ce wa mai kaya ya ɗauko maka hoton cikin faifan, ba bango kaɗai ba. Wanda aka buga a masana'anta cikinsa ruwan azurfa ne, wani da ɗan ruwan zinare, kuma kusa da ramin tsakiya akwai ƙananan lambobi, galibi har da haruffan IFPI. Wanda aka ƙona a kwamfuta cikinsa shuɗi ne mai ratsin ja. Dogon fim daga babban kamfani yawanci a faifai mai hawa biyu yake, mai cin gigabait 8.5, masu satar fasaha kuwa sukan matse shi ya koma 4.7. Kuma in ka ga mutum yana da sababbi talatin na faifan da aka daina bugawa shekara ashirin, ga araha, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Sai dai ba kowane shuɗi ne ɓarawo ba. Tun 2009 kamfanin finafinai na Warner ya buɗe sashen Warner Archive, inda ake ƙona maka faifai sai ka yi oda, don tsofaffin finafinan da ba za su ci kasuwar babban bugu ba. Na halal ne, da tambarinsu.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. An kasa duniya shiyya-shiyya a harkar DVD. Amurka da Kanada shiyya ta 1. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2. Najeriya da Nijar da yawancin Afirka muna ta 5, tare da Rasha da Indiya. A ƙa'ida, faifan wata shiyya ba ya tashi a na'urar wata. Abin dariya, ƙananan na'urorin China masu araha da suka cika kasuwanninmu yawancinsu ba ruwansu da wannan shinge, duk abin da ka ba su ci suke. Mai tsadar ce ke yi maka fulako. Ta kwamfuta kuwa, sau biyar kacal take yarda a sauya mata shiyya, daga nan ta kulle. Akwai kuma bambancin tsarin hoto, NTSC na Amurka da PAL na Turai, wanda shi Najeriya ke bi. Fim na tafiya hoto 24 a daƙiƙa, PAL na kai shi 25, don haka fim mai awa biyu zai ragu da kusan minti biyar a bugun Turai. Kada ka ga haka a bayan kwali ka yi zaton an yanke.

Faifai kuma yana ruɓewa, ko da ba a taɓa buɗe shi ba. A 2025 Warner ta amsa cewa wasu faifanta da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu. Ido ba lallai ya gani ba. Fim zai tashi lafiya, ya kai tsakiya inda na'ura ke tsallakawa hawa na biyu, ya daskare. Ga shi kuma sababbi na ƙara wuya: Netflix ta daina aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023, shagunan Best Buy na Amurka suka daina sayarwa a farkon 2024. Bugun da aka daina kuwa sai a hannun 'yan gwanjo.

Ni kaina na sha. Wannan kwalin da kuke gani shi ne na biyu da na saya. Na farkon, mai kayan ya sa hoton bango kawai, ni kuma ɗoki ya hana ni tambaya. Na biya kuɗin faifai, na biya na aike wanda ya fi na faifan, na jira wajen wata biyu kafin wani ɗan'uwa ya taho min da shi. Na buɗe, faifai ɗaya, na sama. Gurbin na gyaran fayau. Mutumin bai yi ƙarya ba, bai dai ce biyu ne ba.

Shi ya sa da wannan ya iso, ko takalmi ban cire ba. Na zura faifai na biyu, na duba rubutun farko, babu lambar kashi. Na tsallaka tsakiya don in ga ko zai daskare, ya wuce sumul. Sannan na koma mashaya. Ga Greedo, ga bindiga, ga hannun Han yana sulalewa ƙarƙashin tebur. Ku saurara da kyau. Harbi ɗaya ne.