Sharhi: Masu kukan "an ɓata littafi", ku sake mudu

Jama'a masu saurare, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masoya anime, wato fina-finan zane masu dogon zango na ƙasar Japan, kuma ta kai a tanka. Da zarar an ɗauko tsohon littafi an mai da shi zane, sai ka ji ana cewa, "An ɓata littafi, ba haka yake a asali ba." Mutum ya zauna yana ƙirga abin da aka ƙara da abin da aka cire, in ya cika yatsu goma ya yanke hukunci. Wannan mudu ba ya auna komai. Tambayar da ta dace ɗaya ce: canjin nan, me ya yi wa zuciyar labarin?

Ku yi lissafin da kanku. Kowane kashi minti 24 ne ko 25. Cire waƙar buɗewa da ta rufewa da ɗan tallan kashi na gaba, saura kimanin minti 22. Jerin shirye-shiryen World Masterpiece Theater na kamfanin Nippon Animation, da tashar Fuji ta riƙa nunawa daren Lahadi a da, yakan ɗauki littafi ɗaya a shekara, kashi 50 zuwa 52. Awa 19 ke nan. Zangon da aka saba yi yanzu kuwa kashi 12 ne ko 13, bai cika awa biyar ba. Wane marubuci ne ya rubuta littafinsa daidai wannan awo? Dole a ƙara, ko a rage. Wanda ya ce kada a taɓa komai, cewa ya yi kada a yi fim ɗin.

Ɗauki labarin Marco, wanda Isao Takahata ya ba da umarni a 1976. Asalinsa gajeren labari ne a cikin littafin Cuore na Edmondo De Amicis, na 1886: yaro ya bar Jenowa ta Italiya ya tafi Ajantina neman mahaifiyarsa. Za ka karance shi a zama ɗaya. An mai da shi kashi 52. Da me aka cike? An ba uban aikin kula da asibitin talakawa da bashi ya yi wa katutu, don ka gane dalilin da ya sa uwa ta bar ɗanta ta tafi aikatau wata uwa duniya. An riƙe yaron a Jenowa fiye da kashi goma yana jiran wasiƙar da ta daina zuwa. An ƙaro iyalin Peppino masu wasan 'yar tsana, an ƙaro ɗan biri Amedeo, an ƙaro wahalalliyar tafiya zuwa Bahia Blanca inda ya je ya tarar ba ta nan. In ƙirga za a yi, mafi yawan shirin ƙari ne. To wa zai ce an ɓata shi? Kowane ƙari nauyi ya daɗa wa abu ɗaya: kewar uwa.

Yanzu ga inda canji ya yi ɓarna, don kada a ce kowane canji nake karewa. A 2007 kamfanin nan dai ya yi Les Misérables na Victor Hugo, kashi 52, aka ɗora shi kan yarinya Cosette. Ɗorawar ba laifi. Amma Gavroche, yaron titin da aka harbe a littafi yana tsintar harsasai a gaban shingen 'yan tawaye, an bar shi da rai. Javert ma, ɗan sandan da ya gina rayuwarsa kan cewa mai laifi ba ya shiryuwa, wanda alherin Jean Valjean, tsohon fursunan da yake farauta, ya rushe masa komai har ya halaka a kogin Seine, an sa ya fasa ya koma bakin aiki. Canji biyu ne kacal nake magana a kai, amma su ne suka zare wa labarin haƙora. Hugo ya rubuta ne don ka ga abin da talauci da doka marar tausayi ke yi wa mutane. In kowa ya tsira, me ya rage ka gani?

Za a ce ai don yara aka yi. Wannan hujja ba ta tsaya ba. A 1975 masu kallo sun yi ta aika wasiƙu suna roƙon kada yaro Nello da karensa Patrasche su mutu a ƙarshen shirin A Dog of Flanders. Masu shirin ba su sauya ba, yaron ya mutu cikin sanyi a majami'ar Antwerp gaban zanen Rubens da ya daɗe yana begen gani. Yara ne suka kalla, kuma har yau ƙarshen nan ake tuna shirin da shi.

Wanda ya fi kowa nisa da asali ma, Gankutsuou na 2004, ya ɗauke The Count of Monte Cristo na Dumas, labarin ramuwar gayya, ya kai shi shekara ta 5053, ya fara labarin a duniyar wata, ya sa muna kallo ta idon matashi Albert. Kashi 24 ba za su ɗauki wannan ƙaton littafi daga farko ba, sai mai ba da umarni Mahiro Maeda ya shiga ta tsakiya. Dabarar ta ci, domin kana ganin ramuwar gayya daga wajen wanda za ta faɗa wa alhali bai ci ba bai sha ba. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce, ba wanda ya bi shi da mudun ƙirga.

Inda nake da shakka shi ne Heidi ta 1974, labarin marainiyar da ke zaune da kakanta a kan dutse. Masu shirin sun je Suwizalan a 1973 sun ga Maienfeld, yankin da labarin ya faru, da idonsu, kuma aikin ya nuna a yadda ake tatsar akuya da gasa cuku a bakin wuta. Sun ƙaro kare Josef, bai cutar da komai ba. Sun sa keken guragun Clara, ƙawar Heidi, ya ɓalle a hannunta bisa kuskure, maimakon Peter makiyayin awaki ya tura shi kan dutse don kishi kamar yadda Johanna Spyri ta rubuta, wannan ma ana iya kare shi, tunda ya sa tsoronta ne abin da za ta yaƙa. Amma addu'ar da kakar Clara ta koya wa Heidi, da tubar kakan Heidi ga Ubangijinsa bayan shekaru yana fushi da mutane, an rage su ƙwarai, alhali a kansu littafin ya tsaya. Shirin ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai in da gaske kuna neman wurin da za ku yi gardama kan amanar littafi, ga wurin nan. Ku bar karen, ku zo mu yi magana kan kakan.