Ina Bindigar da Aka Miƙa Take Tafiya?

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, ƴan'uwa maza da mata na nan Tawa, barkanmu da wannan zama.

Tambayar da jama'a suka fi yi ita ce: in mutum ya kai bindiga wurin ƴan sanda ko jandarma, ina take tafiya? Tambaya ce mai kyau, domin bindigar da aka karɓa ba a lalata ba tana iya komawa daji. Tun 1994 Nijar take da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma tun 2017 Tarayyar Afirka ta ware watan Satumba domin a miƙa makamai ba tare da tuhuma ba. Karɓa dai farkon aiki ce kawai.

Abu na farko, duk bindigar da ta shigo ana ɗaukar ta a matsayin ɗananniya, ko da mai ita ya rantse babu komai ciki. A juya bakinta ga tulin rairayi, a cire gidan harsasai tukuna, sannan a ja ƙarfen ɗana ta baya, a duba makwancin harsashi da ido, a taɓa da yatsa. Mai gaggawa yakan juya tsarin: ya ja ƙarfen kafin ya cire gidan harsasai, sai wani harsashin ya hau, shi kuwa yana zaton ya kwance ta. Nan ake samun harbin kuskure. Bindigar toka ta fi wuyar sha'ani, don ba a buɗe ta ta baya. Sai a zura sanda a bututun, a gwada tsawonsa ciki da waje. In cikin ya gaza, akwai albarushi, a jiƙa shi da ruwa a kwashe. Albarushi yana shekaru da yawa bai mutu ba, kuma in wuta ta taɓa shi zai tashi.

Sai rajista, kuma a nan nake so mu daɗe. Ana rubuta irin bindigar, girman harsashinta, ƙasar da ta ƙera ta, shekara, da lambarta, a ɗauki hotonta, a ɗaura mata alama. A kalash, wato AK-47, lambar tana gefen hagu, kusa da inda bututu ya shiga gangar jiki. Kada a kwafi ta murfin sama, don murfi ana musanya shi. In an kankare lambar, a rubuta cewa an kankare. Da wannan lamba ake gane ko an sato ta daga rumbun soja, ko ta ƙetaro daga Libiya bayan 2011, kuma Interpol, ƙungiyar ƴan sandan ƙasa da ƙasa, na da rumbun bayanai na wannan bincike. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005 ta ce a adana irin waɗannan takardu aƙalla shekara 20. Wanda ya kawo bindiga kuma ya nemi takardar shaida mai ɗauke da lambar, kada ya ji kunya.

Ba kowace ake lalatawa nan take ba. Wadda aka yi laifi da ita shaida ce, tana ƙarƙashin hatimin kotu har alƙali ya yanke hukunci. Sauran a kulle su a ɗaki mai makulli biyu a hannun mutum biyu, harsasai a wani ɗaki dabam. A ganina wannan zaman jira shi ne wuri mafi haɗari: yau kunama ta ɓace, gobe an musanya lafiyayya da ruɓaɓɓiya, lissafin kai kuwa yana nan daidai. Shi ya sa ake ƙidaya da lamba, ba da kai ba.

Dattawanmu na tuna Wutar Zaman Lafiya ta Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000, inda aka ƙone bindigogi fiye da dubu, bayan ta Tumbutu ta 1996. Ranar ta sanyaya zukata ƙwarai. Sai dai wutar itace ba ta narka ƙarfen bindiga, wanda ke bukatar zafi kusan digiri 1,500. Kota takan ƙone, bututu ya lanƙwashe, amma gwanin maƙeri zai tsinci abin amfani a cikin toka. Dole a bi da yanka.

Ana yankan da wutar gas ta masu walda ko injin faifai. Wutar gas ta fi, don tana cinye ƙarfe tana barin gefe a narke. Yankan faifai sumul yake, ana iya sake liƙe shi. A yi yanka uku a karkace, ɗaya a bututu, ɗaya a makwancin harsashi, ɗaya a gangar jiki wajen kunama, kowane ya ci ƙarfe kamar milimita 6. Ƙarfen ɗana ma a raba shi biyu. Kafin kowane yanka a karanta lambar da ƙarfi, wani ya soke ta a rajista, a gaban shaidun da ba ma'aikatan wurin ba: wakilin kotu, na gwamna, na sarakuna.

Harsasai da gurneti ba aikin mai walda ba ne, sojojin da suka ƙware kan abubuwan fashewa ke ƙone su ko fasa su a daji, nesa da gari da rijiyoyi.

Gutsattsarin kuma a auna nauyinsu, a raka su har wurin narka ƙarfe ko a binne su cikin siminti, a sake aunawa a can. Daga nan shaidu su sa hannu a takardar kammalawa, kwafi ɗaya ya tafi Yamai, ɗaya ya zauna a Tawa inda duk mai takardar shaida zai iya zuwa ya nemi lambar bindigarsa.