Sharhi: Gasar Tanis ta Manchester, Shekara Biyar da Zakaru Biyar

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. In aka ambaci Manchester, hankalin yawancinmu Old Trafford da Etihad yake tafiya. Yau ba can za mu ba. Za mu gangara kudancin birnin, unguwar Didsbury, inda wani tsohon kulob ɗin tanis yake, wanda aka fi sani da The Northern. A filayen ciyawarsa aka yi gasar Manchester Open daga 1990 zuwa 1994, a makon da ke gab da Wimbledon, babbar gasar tanis ta filin ciyawa da ake yi a Landan. Sau biyar kacal aka buga ta a jadawalin manyan gasannin maza na ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, daga nan aka ɗauke ta. Amma duk wanda ya dubi sunayen da suka ɗaga kofinta zai yarda cewa ba rashin inganci ne ya kashe ta ba.

Tanis ya daɗe a wannan yanki. Tun 1880 ake yin gasar Arewacin Ingila, wadda ta yi shekaru tana karɓa-karɓa tsakanin Manchester da Liverpool, kuma a zamaninta tana sahun gaba, bayan Wimbledon. A cikinta ne, a 1883, wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Lottie Dod ta fara shiga gasa tare da yayarta. Shekara huɗu bayan nan ta cinye Wimbledon tana da shekara 15, kuma har yau ba a yi macen da ta ci kofin 'yan ɗai-ɗai na can da ƙuruciya irin tata ba. Gurbin makon gab da Wimbledon kuwa, a shekarun 1980 birnin Bristol ne ke riƙe da shi. Da aka kafa sabon tsarin ATP a 1990, sai ya dawo Manchester.

Tsarin gasar ba shi da wuyar ganewa. 'Yan wasa 32 ne, wanda aka doke ya tattara kayansa. Kowane wasa seti uku ne, wanda ya riga cin biyu ya wuce, don haka zakara sai ya yi nasara sau biyar a jere cikin mako guda.

A 1990 wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 18 ne ya ɗauka, Pete Sampras. Ya doke Gilad Bloom na Isra'ila da ci 7-6, 7-6. Kofinsa na biyu ke nan a rayuwa, bayan na Philadelphia a farkon shekarar, kuma na farko a kan ciyawa. Ku lura da wannan sakamako, domin shi ne hoton wasan ciyawa na wancan zamani: seti biyu, kowanne sai da aka kai shida-shida aka je bugun raba gardama. Wato mai sabis, wanda ke fara buga ƙwallo, yana riƙe da wasansa, da ƙyar ake karya shi, maki biyu ko uku ne ke raba mai kofi da mai komawa hannu rabbana.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Kwanaki kaɗan Sampras ya isa Wimbledon, Christo van Rensburg na Afirka ta Kudu ya fitar da shi a zagayen farko. A watan Satumba ya cinye US Open. Wimbledon kuwa sai 1993 ta buɗe masa ƙofa, daga nan ya ɗauke ta sau bakwai zuwa shekarar 2000.

A 1991 Sampras ya dawo kare kambinsa, ya kai wasan ƙarshe, ya haɗu da Goran Ivanisevic, dogon bahago ɗan birnin Split, lokacin yana wakiltar Yugoslabiya. Ivanisevic ya yi nasara 6-4, 6-4, yana da shekara 19. Shi ma bai tsira ba. A zagaye na biyu na Wimbledon, Nick Brown, ɗan Birtaniya da ke matsayi na 591 a duniya, ya kore shi.

Wannan ba tsautsayi ba ne kawai, akwai dalili a aikace. Wanda ya kai wasan ƙarshe a Manchester ya buga wasa biyar, sannan bai fi kwana ɗaya ko biyu gare shi ba kafin a fara Wimbledon ranar Litinin, inda wasa ke kaiwa seti biyar. Ciyawa kuma gwiwa da cinya da ƙugu take ci, saboda ƙwallo ba ta tashi sama, dole ɗan wasa ya yini a durƙushe. Sannan ya bar filin da ya sha taku na mako guda, ya bushe ya yi tauri, ya shiga fili sabo fil, kore shar, mai ruwa a jikin ganye da santsi. Sawun da ya saba da shi jiya ba shi ne na yau ba. Shi ya sa manyan 'yan wasa da yawa suka fi son gasar Queen's ta Landan, wadda ake yi mako guda kafin nan, su huta a makon ƙarshe. Manchester sai ta zama ta matasa masu yunwar kofi da maki. A cikin zakarunta biyar babu wanda ya kai shekara 24 ranar da ya ci.

Na 1992 Jacco Eltingh ne, ɗan Holan, ya doke MaliVai Washington na Amurka. Eltingh ya fi suna a wasan 'yan bibbiyu, inda shi da Paul Haarhuis suka haɗa manyan kofuna huɗu na duniya, suka cike da Wimbledon a 1998. Wasan 'yan bibbiyu kusa da raga ake yinsa, to hannun da ya goge a can shi ciyawa take so. A 1993 'yan Ostareliya biyu suka kara, Jason Stoltenberg ya doke Wally Masur. A 1994 kuma Patrick Rafter, shi ma ɗan Ostareliya, ya ci kofinsa na farko a rayuwa, ya doke Wayne Ferreira na Afirka ta Kudu 7-6, 7-6. Gasar ta buɗe da wannan sakamako, ta kuma rufe da shi. Rafter ya tafi Wimbledon ya faɗi a zagaye na biyu a hannun Sergi Bruguera, gwanin filin jar ƙasa, bayan seti na biyar ya kai 13-11.

Yanzu ku biyo ni mu ga inda waɗannan mutane suka sake haɗuwa. Wasan ƙarshe na Wimbledon a 1994 da 1998, Sampras da Ivanisevic ne. Na 2000, Sampras da Rafter. Na 2001, Ivanisevic da Rafter, ranar da Ivanisevic, wanda ya shigo da gayyata ta musamman yana matsayi na 125, ya ci seti na biyar 9-7 bayan ya faɗi a wasan ƙarshe har sau uku a baya. Ko a 1996, shekarar da Richard Krajicek ya ɗauki kofin, mutum ukun da ya doke a ƙarshe su ne Sampras, sai Stoltenberg, sai Washington, kuma dukansu sun taɓa buga wasan ƙarshe a Didsbury. Washington a ranar shi ne baƙar fata na farko da ya kai wasan ƙarshe na maza a Wimbledon tun bayan Arthur Ashe a 1975. A ganina ba ƙaramar gasar da za ta iya nuna irin wannan tarihi cikin shekara biyar.

Me ya haɗa su? Salon wasa. Ka buga sabis, ka biyo shi da gudu zuwa raga, ka tare ƙwallo tun tana sama kafin ta taɓa ƙasa. A kan ciyawa ƙwallo zamewa take yi, ta taso ƙasa-ƙasa, wani lokacin ta faɗa kan gurbin da takalmi ya ƙwaƙule ta kauce. Mai hankali ba ya barin ta ta sauka. Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan filayen wancan lokaci zai ga shaida a ƙasa: ciyawa ta goge a bayan layin baya, sannan ga wata 'yar turba ta miƙe zuwa tsakiyar layin sabis, inda ɗan wasa ke cin birki ya raba ƙafa kafin ya tare. A filayen yau turbar nan ta kusa ɓacewa, layin baya kaɗai ke cinyewa.

To, me ya sa gasa irin wannan ba ta ɗore ba? Sai mun leƙa aikin filin kansa. Filin ciyawa gona ce, kuma gona ce da ake wa hidima shekara guda don amfanin 'yan watanni. Tsawonsa mita 23.77, faɗinsa 10.97, ban da sararin gudu a baya da gefe, kuma gasa tana bukatar filaye da yawa, na wasa da na atisaye. Da an gama kakar wasa, wajen watan Satumba, ake kankare saman filin da inji a cire matacciyar ciyawa, a huda ƙasa don iska da ruwa su shiga, a watsa sabon iri, a barbaɗa ƙasa mai laka a daidaita. In aka bar matacciyar ciyawar ta taru, sai ta zama kamar katifa a ƙarƙashi, ƙwallo ta mutu a kai ba ta tashi. Lokacin sanyi ana barin ganye da ɗan tsawo. Da bazarar can ta shigo, sai a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har ya kai milimita 8, ma'aunin da Wimbledon ke aiki da shi. Ba a sare shi lokaci guda, don in an yi haka ciyawar rauni take yi ta koma rawaya. Ana bi da rola mai nauyi lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, domin in ta jiƙe sharkaf rola toshe ta take yi, in ta bushe ƙarau kuma ba ta matsuwa. Gab da gasa a rage ban ruwa don ƙasa ta yi tauri, amma in aka wuce gona da iri sai ta tsage. A makon wasa kullum da safe ana yanka, ana sake ja layi.

Sai kuma ruwan sama. A filin jar ƙasa ana iya ci gaba da wasa cikin yayyafi. A kan ciyawa, ɗigo kaɗan ya isa alƙali ya tsayar, saboda santsi na iya yaga tsokar cinya ko ya karya idon sawu. A sauke raga, a ja tamfol. In tamfol ya daɗe a kwance, ciyawa ta yi gumi a ƙarƙashinsa, ko an buɗe sai an jira ta sha iska. Manchester kuwa tana yammacin tsaunukan Pennines, ɓangaren da iskar teku ke sauke ruwanta. Gasar Queen's in ruwa ya ɓata ta, ana iya ƙara kwana. Gasar da ke gab da Wimbledon ba ta da wannan sarari, 'yan wasa na da alƙawari a Landan ranar Litinin.

Ga kuma matsin jadawali. US Open ta bar ciyawa bayan 1974, gasar Ostareliya ta bar ta bayan 1987. Tsakanin gasar Faransa da Wimbledon mako biyu ne kawai a lokacin, sai a 2015 aka mai da shi uku. Cikin wannan ɗan tsukin kowa ke neman gurbi. A 1993 Gerry Weber, attajirin masana'antar tufafi a Jamus, ya buɗe gasarsa ta ciyawa a garin Halle, a mako ɗaya da Manchester, da katafaren fili, wanda daga baya aka yi wa rufi mai buɗewa da rufewa. A lokacin kuɗin tanis a Jamus yake, zamanin Boris Becker da Steffi Graf da Michael Stich. Kulob ɗin membobi da ke tsakiyar gidajen jama'a, wanda sai ya kafa kujerun wucin gadi kowace shekara ya kwashe, ba zai ja da wannan ba.

A 1995 aka mai da gasar Nottingham, inda akwai babbar cibiyar tanis da ta karɓi gasar ƙasashe ta mata a 1991. Javier Frana na Ajantina ne ya fara ci a can. Ita ma Nottingham ta rasa gurbin bayan 2008, aka kai shi Eastbourne. Hukuncin barin Didsbury ta fuskar kuɗi ana iya fahimtarsa, amma ni ina ganin an yi asara: yankin da ya fi ko'ina yawan jama'a a arewacin Ingila ya rasa damar ganin manyan 'yan wasa a ƙofar gida, duk wani babban wasan ciyawa ya koma tsakiya da kudu.

Kulob ɗin bai rufe ba. Ya ci gaba da karɓar ƙaramar gasa mai suna Manchester Trophy. Sam Groth na Ostareliya ya ci a 2015, Dustin Brown na Jamus a 2016, dukansu masu sabis da rugawa raga, irin salon da ya kusa ƙarewa. Daga 2017 ta koma ta mata. A 2018 Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta ɗauki kofin, abin da ya sa Wimbledon ta ba ta gayyata ta musamman a shekarar, kuma ita ce daga baya ta kai wasan ƙarshe a can a 2022 da 2023. Magda Linette ta Folan ce ta ci na 2019. A 2020 annobar korona ta sa aka soke duk wasannin ciyawa na Birtaniya, har da Wimbledon, kuma da aka dawo wasa Manchester ba ta cikin jadawali.

Nan muka kawo ƙarshen sharhin namu na yau. A huta lafiya.