Injiniyan da ake ta yawo da labarin zakkarsa

Ɗanjuma: To, mun fara ɗauka. Jama'a barkanmu da war haka. Yau ba sai an yi dogon bayani ba, duk wanda ke cikin wani zauren WhatsApp na coci ya ga bidiyon nan.

Rifkatu: Mu a zumuntar mata har muhawara aka yi a kansa bayan an tashi. Wai Ba'amurken da yake ba Allah kashi 90 cikin 100, ya riƙe 10, sai ga shi ya zama hamshaƙin attajiri. A ƙarshe mai bidiyon ya ce kai ma ka gwada ka gani.

Bulus: Wannan "ka gwada ka gani" ɗin ne ya ɓata mini rai.

Ɗanjuma: Baba Bulus, ku bari mu gabatar da mutumin tukuna mana.

Bulus: To gabatar.

Ɗanjuma: Robert LeTourneau. An haife shi a 1888 a jihar Vermont, ya rasu ranar 1 ga Yunin 1969 a garin Longview na jihar Texas. Shi ke nan abin da na riƙe, sauran na wurinku.

Bulus: Madalla. Ni tun ina yaron gareji, ina wanke sifana, nake jin sunan mutumin nan a bakin masu gyaran manyan injunan hanya. Kuma ba batun zakka suke yi ba, batun aiki suke yi. Mutum ne da ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya shiga koyon zubin ƙarfe a Portland. Daga nan walda, daga nan kanikanci. Ba shi da takardar digiri ko ɗaya ta karatu, amma ya mutu da rajistar ƙirƙire-ƙirƙire kusan 300 da sunansa. A yaƙin duniya na biyu, kusan kashi 70 cikin 100 na injunan kwasar ƙasa da Amurka da ƙawayenta suka yi amfani da su, daga masana'antunsa suka fito. Bidiyon nan ya faɗi wannan?

Rifkatu: Ya faɗi na yaƙin. Bai faɗi na walda ba.

Bulus: Ai waldar ce maganar! A zamaninsa injin share ƙasa da ƙusoshi ake haɗa shi, ya yi nauyin tsiya, tarakta ta yi ta nishi tana jan ƙarfe maimakon ƙasa. Shi ya ce a'a, a yi walda. Injin ya yi sauƙi, ya ɗebi ƙasa fiye da da. Sannan da mutum biyu ake buƙata, ɗaya a kan tarakta, ɗaya a baya yana ɗaga bakin injin yana saukewa, ƙura na cika masa ido. Ya ɗora janareta da ƙananan injunan lantarki, direba shi kaɗai daga kujerarsa ya riƙa sarrafa komai. A 1932 kuma ya cire ƙafafun ƙarfe ya sa tayoyin roba. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar ƙarfe ta nutse cikin rairayi, injin na kuka, ana tona da shebur ana cusa katako a ƙasa, ya san abin da tayar nan ta kawo.

Ɗanjuma: To amma Baba, kashi 90 ɗin gaskiya ne ai.

Bulus: Gaskiya ne. Wa ya ce ƙarya ne? A 1935 shi da matarsa suka kafa gidauniya suka damƙa mata. Amma ka lissafa, a 1935 shekarunsa nawa? Ya haura 45. Me ya faru kafin nan? Garejin da ya buɗe da abokin tarayya a Stockton ya durƙushe lokacin da ya tafi aiki a tashar jiragen ruwan soja a yaƙin duniya na farko, ya dawo ya tarar da bashin dala 5,000. Ya yi ta aiki yana biya. Ya farfaɗo, ya zama ɗan kwangila, ya karɓi aikin hanyar da za ta kai madatsar ruwa ta Hoover a farkon shekarun 1930, ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfin injunansa, bashi ya kai wajen dala 100,000. A cikin wannan ramin, ba ya iya biyan ma'aikata a kan lokaci, ya ce alkawarin da ya yi wa asusun mishan na cocinsu sai an cika shi. Ka ga mutumin yana bayarwa tun yana cikin bashi, ba tare da ya san zai fita ba.

Rifkatu: Abin da na faɗa wa matan ke nan. Wata ta ce za ta ɗauki jarin ƙosanta ta zuba a baiko ranar Lahadi, tunda LeTourneau ya ce yana kwasa da shebur yana bayarwa, Allah na mayar masa, amma shebur ɗin Allah ya fi girma. Na ce 'yar'uwa, shi kansa mai maganar shebur ɗin ya yi gargaɗi cewa in don riba kake bayarwa, ba za ka ga ribar ba. Wannan ba su sa a bidiyon ba.

Bulus: Ba za su sa ba, don zai ɓata musu ciniki.

Ɗanjuma: Anti, kin ce akwai abin da ya fi taɓa ki.

Rifkatu: 'Ya'yansa. Ya auri Evelyn a 1917. Ɗansu na fari, Kalibu, ya rasu yana jariri a annobar murar 1919. Sai 1937, shi da matar suka yi mummunan haɗarin mota, ya kakkarye, a 1940 kuma ɗansu Donald, saurayi, ya mutu a haɗarin jirgin sama. Duka biyun nan bayan sun ba da kashi 90 ɗin nan ne. To ina lissafin ribar? Uwar da ta binne 'ya'ya biyu, ka je ka ce mata ai zakka kariya ce daga masifa? Ni abin da ya sa nake ganin girman gidan nan, sun tashi daga makoki sun ci gaba da sujada, ba su ce Allah ya ci amanarsu ba.

Bulus: Haka ne.

Rifkatu: Kuma Baba, ku yi mini haƙuri, akwai inda zan ɗan ja da ku. Ana cewa mai kula da iyali, mai kula da iyali. Mutumin da Litinin zuwa Juma'a yana masana'anta har dare, ƙarshen mako kuma ya hau jirginsa ya tafi wa'azi wani gari. Wa ya riƙe gidan? Matar ce. Ba banza ba a 1969 aka zaɓe ta uwar shekara ta Amurka.

Bulus: Ban musa ba. Amma dubi 'ya'yan da suka rayu, cikin aikin uban suka tashi. A 1966 ɗansa Richard ya miƙa wa shugabancin kamfani. Yaron da uba ya yasar ba ya karɓar sifanar uban.

Rifkatu: Ya karɓa don uwa ta riƙe shi har ya kai ga karɓa.

Ɗanjuma: Ni dai kafin ku raba gardamar nan, a yi mini maganar injin da ke haifar gida.

Bulus: Kai, yaron nan! Tun jiya yake damuna.

Ɗanjuma: Baba ai dole. Masu sauraro, ku ji fa. Inji ne mai manyan tayoyi, yana ɗauke da ƙwaryar gida ta ƙarfe, ciki da waje. A zuba kankare, a bar shi ya kwana ya kama, injin ya ɗauko gidan sukutum ya kai fili ya ajiye, kamar kaza ta saka ƙwai ta tashi.

Bulus: Tournalayer sunansa. A shekarun 1940 ya yi shi, ya gina wa ma'aikatansa gidaje da shi.

Ɗanjuma: To a kawo mana guda ɗaya Jos. Guda ɗaya tak. A ajiye ta a Rayfield ta yi ta saka.

Rifkatu: Rayfield? Masu kuɗi za ka ƙara wa? A kai ta Tudun Wada.

Ɗanjuma: Hanyar Tudun Wada ba za ta ɗauke ta ba, Anti. Duwatsu.

Rifkatu: To ai mai ita injunan fasa hanya yake yi. A haɗo da gireda.

Ɗanjuma: Kuma da wane farashin siminti za a ciyar da ita? Kazar nan ba dusa take ci ba.

Bulus: Ranar da ta saka na farko, kafin ya bushe dillali ya manna lambar wayarsa a bango.

Ɗanjuma: Kuɗin haya na shekara biyu, da na dillali, da na lauya!

Rifkatu: Da na ganin gida. Kar ka manta na ganin gida.

Ɗanjuma: In ta saka mai ɗaki biyu da falo fa, wa zai ɗauka a cikinmu?

Rifkatu: Kai da ba ka yi aure ba me za ka yi da falo?

Bulus: To ya isa, ya isa. Bari in koma inda nake, don akwai abin da nake so matasanmu masu aikin hannu su ji. Yana da kimanin shekara 30 ya je wurin fastonsa, zuciyarsa ta ƙwallafa ga bautar Allah, yana zaton sai ya ajiye walda ya zama mai bishara ko ɗan mishan. Faston ya ce masa Allah na bukatar 'yan kasuwa kamar yadda yake bukatar masu wa'azi. Ya koma bakin aikinsa. Ni wannan ce gaɓar da ta fi komai. Yaranmu nawa ne masu kaifin hannu, bakanike, mai walda, mai haɗa wutar gida, da aka sa wa rai cewa in ba su riƙe makirufo ba ba su yi wa Allah komai ba? Na san wani dattijo a cocinmu, ba zan kama suna ba, ya yi aikin injiniyan ruwa har ya yi ritaya. Bai taɓa hawa bagade ba. Amma famfon da ya haɗa a harabar coci har yau unguwa ke ɗiba, Kirista da Musulmi, kuma ba a taɓa jin ya karɓi kwabon kowa a kan kwangila ba. Da ya rasu, da ƙyar aka sami abin faɗa a jana'iza, don ba shi da muƙami a ikilisiya. Abin ya yi mini ciwo.

Rifkatu: Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Ɗanjuma: Amin. Baba, ba duk abin da LeTourneau ya taɓa ne ya yi albarka ba ko? Na ji batun Laberiya.

Bulus: Wannan ma a faɗa. A farkon shekarun 1950 ya kai injuna da 'yan mishan gaɓar Laberiya, wurin da aka sa wa suna Tournata, da niyyar a share daji a yi noma a yi bishara. Ya yi irinsa a Peru. Na Laberiya bai ɗore ba. Ya ɗauka abin da inji ya yi a Texas zai yi a ko'ina, ƙasa da damina da mutanen wurin kuma suna da nasu hali. Kuɗi masu yawa suka narke. Nan ma kashi 90 bai hana asara ba. Amma ka ga taurin ransa: a 1953 ya sayar da harkar injunan kwasar ƙasa ga kamfanin Westinghouse Air Brake a kan dala miliyan 31, da sharaɗin shekara biyar ba zai taɓa wannan sana'a ba. Yana da shekara 64 fa. Wani sai ya kwanta. Shi ya shiga ƙera taya mai injin lantarki a cikin cibiyarta, kowace ƙafa da nata ƙarfin, ya kuma ƙera dandalin haƙar mai a teku mai ƙafafu uku wa kamfanin Zapata na George Bush babba, tun bai zama shugaban ƙasa ba. Wa'adin na cika a 1958 ya dawo.

Rifkatu: Baba, ƙarfe huɗu ta wuce, ina da koyon waƙa.

Ɗanjuma: Kai, ga shi ba mu taɓa batun makarantar ba, kuma mun ce da ita za mu rufe.

Bulus: A gurguje. 1946, tsohon asibitin soja a Longview, matar ce ta hango shi daga jirgi ta tambaya. Suka mai da shi makarantar koyon fasaha ta sojojin da suka dawo daga yaƙi, yau aji gobe masana'anta. Ita ce jami'ar LeTourneau ta yanzu. Ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar Gideons, masu raba ƙaramin Sabon Alkawarin nan da aka ba ku a sakandare.

Ɗanjuma: Nawa shuɗi ne!

Rifkatu: Ɗanjuma, jakata na bayanka, miƙo.

Ɗanjuma: Ga ta. Jama'a, saƙonninku kan kuɗin makarantar yara mun gani, mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, wane maɓalli ne na kashewa, jan ko baƙin?

Bulus: Jan.