Yadda Ake Ɗaure Sandar Tuƙi Jirgi Ya Riƙe Hanyarsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi sandar nan da ke hannuna. Ita ce sandar tuƙi, haɗe take da allon da ke nutse cikin ruwa a bayan jirgi. Ka tura ta dama, goshin jirgi ya karkata hagu. Duk wanda ya taɓa fita shi kaɗai a ƙaramin jirgi mai kyallen iska ya san halinta. Da ka sake ta don ka kurɓi ruwa ko ka gyara wata igiya, sai jirgi ya juya ya fuskanci iska, kyalle ya hau kaɗawa fat-fat-fat.

Kayan aikin ba su da yawa. Igiya mai kaurin milimita 6, tsawonta kamar mita 3, sai roba mai miƙewa. Ko irin wadda ake yankowa daga tayar babur a ɗaure kaya za ta yi, sai dai rana da ruwan gishiri suna cinye ta da wuri.

Ka ɗaure bakin igiyar a gefen dama, daidai saitin kan sandar. Ka jawo ta, ka naɗa wa sandar sau biyu. Ga shi, ku duba da kyau: ɗaya, biyu. Sai ka wuce da ita gefen hagu, ka haɗa ta da robar, robar kuma ka ɗaure ta a jikin jirgi ta ɗan miƙe. Robar ce ke sa naɗin ya kama sandar. In ka tura da ƙarfi, naɗin ya zame, sandar ta tsaya inda ka bar ta. Kada ka kuskura ka yi ƙulli a kan sandar kanta. Ranar da iska ta taso ba zato, hannunka ne zai yi tuƙi, babu lokacin kwance ƙulli.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure, kuma nan nake so ku natsu. Ita igiyar, riƙe sandar kawai take yi. Kyallayen ne ke yanke inda jirgi zai nufa. Babban kyallen da ke baya yana tura goshin jirgi wajen iska, ƙaramin na gaba yana ture shi daga iska. In kana jin sandar tana fizgar hannunka, na baya ya fi ƙarfi. Sassauta igiyarsa kaɗan, ko ka rage faɗinsa, har sai ka iya riƙe sandar da yatsu biyu. A lokacin ne za ka bar wa igiya.

Joshua Slocum, wanda ya fara zagaye duniya shi kaɗai a jirgin iska tsakanin 1895 da 1898, haka ya yi da jirginsa Spray. Daga tsibirin Thursday da ke arewacin Ostareliya zuwa tsibiran Cocos Keeling da ke Tekun Indiya ya ci mil 2,700 cikin kwana 23, kuma ya ce zamansa a wurin tuƙi bai wuce awa 3 ba.

In kana son jirgin ya riƙa gyara kansa, akwai ƙari. Ka ɗaura siririyar igiya a jikin igiyar babban kyalle, ka bi da ita ta ɗan wilin da igiya ke gudu a kansa a ɓangaren da iska ke fitowa, ka kai ta kan sandar. Roba kuma ta ja daga ɗaya ɓangaren. Iska ta ƙaru, igiya ta jawo sandar, jirgi ya kauce wa iska. Ta lafa, roba ta mayar. Wannan ya fi aiki idan iska na zuwa ta gaba-gaba ko ta gefe. In daga baya take, sai haƙuri, gara ka riƙe da kanka.

Don Allah ku ji wannan. Jirgin da aka ɗaure wa sanda, in ka faɗa ruwa, tafiyarsa zai ci gaba da yi. Ka sa rigar ceto, ka ɗaure jikinka da jirgi, idonka kuma na kan hanya, don dokar teku ta 1972 ta wajabta sa ido a kowane lokaci. Gwajin farko ka yi shi da rana, cikin iska mai sauƙi, nesa da sauran jirage, hannunka kusa da sandar.