Laccar Asabar: gadon dict a Python da tarkon da ke cikinsa

Wannan daga rikodin ɗin laccar da malaminmu ya yi mana a ajin koyon rubuta manhaja nan cikin Katsina na kwafo shi, inda sauti bai fita ba na tsallake.

Toh jama'a salamu alaikum, mu ɗora daga inda muka tsaya. Dict ɗin Python, wato ma'ajin da ke haɗa kowane mabuɗi da kayansa, teburin hash ne, in ka ba shi mabuɗi sai ya juya shi ya zama lamba, lambar nan ita ke nuna masa gurbin da zai ajiye kayanka, kamar dai mai tsaron babura a bakin kasuwa da zai ba ka lamba, in ka dawo ba sai ya bi babura ɗari yana dubawa ba. Shi ya sa yake da sauri, shi ya sa kuma ba ya uzuri, harafi ɗaya ya bambanta shikenan wani mabuɗi ne daban.

Ku ɗauka an ba ku aikin tattara bayanai na ƙananan hukumomi 34 na jihar nan. Wani zai rubuta Dutsin-Ma, wani Dutsinma, wani dutsin ma da ƙananan baƙaƙe, Mai'adua kuwa ba a magana. A wurin dict garuruwa uku ne waɗannan, lissafinka ya watse kenan.

Abin da zai fara zuwa ranka shi ne ka yi kilas ɗinka, wato naka sabon nau'in ma'aji, ya gaji dict ya ɗauki duk halayensa, an ba da wannan damar tun Python 2.2 a 2001, sai ka sake rubuta __setitem__, wato aikin da ke ajiye abu a cikin dict, ya riƙa wanke suna kafin ya ajiye, ya mai da shi ƙananan baƙaƙe ya cire ɗan layin da tazarar. Ka gwada ɗaya biyu ka ga ya yi, ka ce alhamdulillahi. To nan fa nake so ku buɗe kunne. Ranar da ka kira update, ko setdefault, su ma hanyoyin ajiya ne na dict, ko ka zuba masa bayanai tun wajen ƙirƙirarsa, ba zai bi ta kan __setitem__ ɗinka ba sam, saboda ainihin dict da yaren C aka rubuta shi, kai tsaye yake zuwa ya ajiye don sauri. Kuma abin da ya fi damuna ba zai yi maka ihu ba, ba kuskuren da zai fito a allo, sai an buga rahoto a ga Dutsin-Ma sau biyu.

Mafita tana cikin collections, wani ƙunshin kayan aiki da ke zuwa tare da Python. Akwai UserDict, shi da Python aka rubuta shi, yana riƙe dict na gaske a cikinsa mai suna data, update ɗinsa kuma dole ya ratsa ta __setitem__ ɗinka, sai dai ka tuna ka gyara wajen ɗauka da gogewa da __contains__, mai duba ko mabuɗi yana ciki, shi ma. Ni dai na fi son MutableMapping na collections.abc, ka rubuta guda 5 kawai, __getitem__, __setitem__, __delitem__, __iter__ da __len__, shi kuma ya ba ka get da pop da update da sauransu kyauta, duk ta ƙofarka suke bi. In ka manta ɗaya ma ba zai yarda a ƙirƙire shi ba.

Nan wani ɗalibi ya ce, Malam kenan gadon dict ba shi da amfani?

Yana da shi mana. In mabuɗin da babu shi kake so ka tare, rubuta __missing__, ya zo tare da defaultdict a Python 2.5 a 2006, shi kam dict yana kiransa da kansa, amma get ba ya kiransa. Sannan UserDict ba dict ba ne a wurin isinstance mai duba nau'in abu, json.dumps mai juya bayanai zuwa rubutun JSON ma zai ƙi shi sai ka miƙa masa data ɗin.

Aikin gida, kowa ya rubuta na ƙananan hukumomin nan da MutableMapping, ku gwada shi da update tukuna kafin ku kawo min.