Wai ɗan sanda ne ya shirya baje kolin?

Zainab: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Malam, yau kuma da wace rigimar ka zo mana?

Malam Bala: Aiki ne ya jawo ta, Zainabu. An ba ni takardar wani baje kolin zane-zane in mayar da ita Sifaniyanci daga Turanci. Na zo kan kalmar curator, wato mai shirya baje koli, na rubuta curador, na wuce abina. Wadda ta duba aikin 'yar Madrid ce. Ta soke shi da jan biro, ta sa comisario.

Zainab: Comisario? Ba babban ɗan sanda ke nan ba? Ai caji ofis ma comisaría suke ce masa.

Malam Bala: Shi ne kuwa. Amma a Sifen, wanda ya zaɓo kayan baje koli na 'yan watanni, ya tsara inda kowanne zai rataya, shi ma comisario ne. Je ki Meziko ko Ajantina, curador za ki ji, ba mai ɗaga gira.

Zainab: To ai ba ka yi kuskure ba ke nan.

Malam Bala: Na yi mana, tunda ban tambayi su wa za su karanta ba. Kuma da sauran rina a kaba. Ma'aikacin dindindin da ke riƙe da sashe guda, kamar a gidan tarihi na Prado a Madrid, da aka buɗe a 1819, shi conservador ne.

Zainab: Wato conservator na Turanci.

Malam Bala: Nan fa ramin yake! Kama da wane ba ta wane. Conservator shi ne mai farar riga, ya duƙa kan zane da ɗan tsinken auduga yana goge dauɗar shekara ɗari. Shi restaurador ne, ko conservador-restaurador. Kika musanya su, kin ɗauki masanin tarihi kin miƙa masa auduga.

Zainab: Ni kalmar docent ta Turanci ce ta taɓa kayar da ni. Na ga docente a Sifaniyanci, na ce shi ke nan. Ashe malamin makaranta na rubuta, alhali ɗan sa-kai ake nufi, mai zagayawa da baƙi.

Malam Bala: To wanda ke raka zane in an ba da aronsa wata ƙasa, ya bi akwatin har a buɗe shi a gabansa, me za ki ce masa?

Zainab: Courier dai... ban sani ba.

Malam Bala: Correo. Kalmar da suke kiran gidan waya da ita.

Zainab: Ɗan sanda ya shirya, gidan waya ya rako. Malam, bari in sha ruwa tukuna.